John Lennon: Rayuwar mai waƙar 'Imagine' da fayil ɗin da FBI ta riƙe shekara 25

Ranar 25 ga Nuwamba, 1969, saura kimanin mako bakwai yaƙin basasar Najeriya ya ƙare, aka kai wani ɗan ƙunshi Fadar Buckingham da ke Landan. A cikinsa akwai lambar girmamawa ta MBE da gajeriyar wasiƙa zuwa ga Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Mai lambar, John Lennon, ɗan shekara 29, ya kawo dalilai uku na mayar da ita. Na farko shi ne hannun da Birtaniya ta tsoma a yaƙin Najeriya da Biyafara, a lokacin da gwamnatin Harold Wilson ke sayar wa gwamnatin tarayya ta Janar Yakubu Gowon makamai, hotunan yaran da yunwa ta ƙanjame kuma suka cika jaridun Turai. Na biyu shi ne goyon bayan da Birtaniya ke bai wa Amurka a yaƙin Vietnam. Na uku kuwa ba'a ce tsagwaronta, wai wata sabuwar waƙarsa tana zamewa ƙasa a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa.

'Yan Najeriya na iya saɓa masa kan yadda ya kalli yaƙinsu, kuma ko a Ingila an yi masa ca saboda ya cakuɗa maganar mutuwar dubban mutane da tallan faifai. Amma wasiƙar ta nuna halin mutumin yadda yake: mai fushi da yaƙi da gaske, mai son a yi maganarsa, wanda ba ya iya riƙe bakinsa ko a gaban sarauta. Ba a cika shekara biyu ba ya rubuta 'Imagine', waƙar da a yau ake rerawa a bikin buɗe wasannin Olamfik da jana'izar shugabanni, har mutane suka manta cewa mai ita ya shafe kusan shekara huɗu yana shari'a da gwamnatin Amurka don kada ta tasa ƙeyarsa.

An haife shi a Liverpool ranar 9 ga Oktoba, 1940, jiragen yaƙin Jamus na yi wa birnin luguden bama-bamai a wannan kakar. Mahaifinsa Alfred ma'aikacin jirgin ruwa ne da ba ya zaman gida, auren iyayen kuma bai yi ƙarko ba. Yana ɗan shekara biyar riƙonsa ya koma hannun Mimi Smith, yayar mahaifiyarsa, mace mai tsauri da son tsari, a unguwar Woolton ta masu rufin asiri. Sai da ya fara tasawa ya shaƙu da mahaifiyarsa Julia, wadda ta koya masa kaɗa banjo. A Yulin 1958 motar wani ɗan sanda da ba ya kan aiki ta kaɗe ta kusa da gidan Mimi, ta mutu nan take. Yana da shekara 17. Wannan rashi ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma yana fitowa a waƙoƙinsa da dama.

Labarin Beatles sananne ne. Ya haɗu da Paul McCartney a wani bikin coci a Yulin 1957, George Harrison ya biyo baya, suka goge a gidajen rawa na Hamburg, Ringo Starr ya shigo a 1962. A Fabrairun 1964 mutum kimanin miliyan 73 suka kalle su a talabijin a Amurka. A 1965 aka ba su lambar MBE, Lennon ya ba Mimi tasa ta ajiye a falo. A 1966 ya faɗa wa wata 'yar jarida a Landan cewa farin jinin ƙungiyarsu a wajen matasa ya zarce na Annabi Isa (AS). Da maganar ta isa kudancin Amurka, aka riƙa tara faya-fayansu ana cinna musu wuta, aka yi musu barazanar kisa. A watan Agustan shekarar suka daina yawon wasa gaba ɗaya.

Bayan wata uku, a wani ɗakin baje kolin zane a Landan, ya haɗu da Yoko Ono. 'Yar Japan ce daga gidan masu banki, ta girme shi da shekara bakwai, kuma ta ga yaƙi da idonta. Tana yarinya aka yi wa Tokyo ruwan wuta a Maris na 1945, iyalinta suka gudu ƙauye inda abinci ya yi ƙaranci. Ta sha ba da labarin yadda ita da ƙanenta kan kwanta suna kallon sama, tana sa shi ya riƙa suranta irin abincin da za su ci, don su manta da yunwa. A 1964 ta wallafa ɗan littafi mai suna 'Grapefruit', wanda ya ƙunshi gajerun umarni ga mai karatu, da yawansu suna neman ya suranta wani abu a zuciyarsa. Daga wannan littafi ne ginshiƙin waƙar ya fito, domin ma'anar sunanta ke nan: ka kwatanta a ranka.

Lennon ya rabu da matarsa ta fari, Cynthia, da ɗansu Julian mai shekara biyar, rabuwar da ba ta yi kyau ba. Ya auri Ono a Maris na 1969, suka mayar da hutun amarcinsu gangami: mako guda suna zaune a kan gado a wani otal a Amsterdam, 'yan jarida na shiga suna fita, su kuma suna maganar zaman lafiya. Suka maimaita a Montreal, inda aka naɗi waƙar 'Give Peace a Chance', wadda dubban ɗaruruwan masu adawa da yaƙin Vietnam suka rera a Washington a Nuwamban shekarar. Jaridun Ingila sun mayar da su abin dariya, Ono kuma ta sha zagi irin na wariyar launin fata, aka ɗora mata laifin wargajewar Beatles a 1970.

Farin ɗaki da farin fiyano

A farkon 1971 ma'auratan suna zaune a Tittenhurst Park, katafaren gida mai filin eka 72 kusa da Ascot. A lokacin Lennon yana mu'amala da 'yan gurguzun Landan irin su Tariq Ali, wanda ya yi doguwar hira da shi a jaridarsu ta Red Mole. A wannan gida, a kan wani ƙaramin fiyano ƙirar Steinway, ya tsara 'Imagine'. Ban da littafin Ono, ya ce wani littafin addu'o'in Kirista da ɗan gwagwarmaya Dick Gregory ya ba shi ya taimaka masa da tunanin cewa sai mutum ya iya ganin abu a zuciyarsa kafin ya iya nemansa. An naɗi waƙar a watan Mayu a ɗakin naɗi da ke cikin gidan, Klaus Voormann na kaɗa gita mai kauri, Alan White na kan ganguna, sannan aka ƙara sautin goge a New York a watan Yuli. Wanda ya taya su tsara sautin shi ne Phil Spector, mutumin da daga baya, a 2009, kotu ta same shi da laifin kisan kai, ya mutu yana ɗaure.

Waƙar minti uku ce da 'yan daƙiƙoƙi. Kiɗanta irin rock ɗin nan ne mai taushi, babu ihu, babu gaggawa, mai koyon fiyano ma zai iya kaɗa ta. Abin da take ɗauke da shi ne ba mai taushi ba. Baiti uku ne, kowanne yana neman mai sauraro ya cire wani abu daga duniya ya ga abin da zai rage: na farko ya taɓa sakamakon lahira, na biyu iyakokin ƙasashe da addini, na uku mallakar dukiya. Lennon bai ɓoye manufarsa ba. Ya kamanta saƙon da na kundin gurguzu na Karl Marx, ko da yake ya ce shi ba ɗan gurguzu ba ne. Ya kuma bayyana cewa faifansa na 1970 ya faɗi irin waɗannan maganganu da ɗacinsu mutane suka guje shi, shi ya sa wannan karon ya shafa musu zuma.

Ga Musulmi da Kirista mai riƙo da addininsa, akwai sashen waƙar da ba zai karɓu ba, kuma kwaskwarima ba za ta gyara shi ba. A hirarsa ta 1980 Lennon ya fassara nufinsa da cewa abin da yake ƙi shi ne gasar mabiya da ke kai su ga zubar da jini, kowa na cewa nasa ya fi. Amma ya kuma ce wata ƙungiyar coci ta nemi izinin sauya wurin ya koma kiran addini ɗaya ga kowa, ya hana. Bayan mutuwarsa Ono ta ci gaba da hana masu neman a cire wurin. Wanda zai so waƙar sai ya so ta da saninsa, wanda zai ƙi ta ma haka.

Akwai wani saɓanin da ya fi wannan fitowa fili. Fim ɗin da aka yi wa waƙar ya nuna attajiri a farin ɗaki, gaban babban farin fiyano, a gidan da ya fi wasu ƙauyuka faɗi, yana kiran mutane su suranta duniyar da ba mai abin kansa. Masu suka ba su bar wannan ya wuce ba, kuma suna da hujja. A faifan da ke ɗauke da waƙar salamar akwai wata, 'How Do You Sleep?', wadda zagin McCartney ce daga farko har ƙarshe. Shi da bakinsa ya amsa a 1980 cewa a ƙuruciyarsa yana dukan mata, ya ce wannan na cikin abin da ya sa ya nace wa maganar zaman lafiya. Haka kuma ya sa sunansa shi kaɗai a matsayin marubucin 'Imagine'. Kwana biyu kafin a kashe shi ya faɗa wa gidan rediyon BBC cewa ya kamata sunan Ono ya kasance a kai, kuma son kai da girman kai na maza ne suka hana shi. Sai a Yunin 2017, bayan shekara 46, ƙungiyar masu wallafa waƙoƙi ta Amurka ta sanar da cewa za a ƙara sunanta.

Faifan ya fito a Satumban 1971. Waƙar ta kai ta uku a jadawalin Amurka. A lokacin ma'auratan sun riga sun koma New York, kuma Lennon bai sake taka Ingila ba.

Takardar Sanata Thurmond

Abu biyu ne suka kawo su Amurka: gudun jaridun Ingila, da neman Kyoko, 'yar Ono daga aurenta na baya, wadda mahaifinta ya ɓace da ita. Da isarsu suka faɗa hannun jagororin adawa da yaƙi, Jerry Rubin da Abbie Hoffman. Ranar 10 ga Disamba, 1971, Lennon ya yi waƙa gaban mutum kimanin 15,000 a Ann Arbor da ke jihar Michigan, a gangamin neman sakin John Sinclair, ɗan gwagwarmayar da aka yanke wa kusan shekara goma saboda naɗi biyu na tabar wiwi. Bayan kwana uku aka saki Sinclair. A cikin taron akwai 'yan rahoton FBI, suna rubuta har baitocin da aka rera.

Abin da ya tsorata masu mulki lissafin ƙuri'a ne. A 1971 aka gyara tsarin mulkin Amurka, shekarun kaɗa ƙuri'a suka sauko daga 21 zuwa 18. Zaɓen 1972 shi ne na farko da miliyoyin waɗannan matasa za su shiga, su ne kuma ake kwasa zuwa Vietnam. Rubin da abokansa suna shirin zagaya ƙasa da Lennon, a yi kiɗa a yi wa matasa rajistar zaɓe, a ƙare a garin da jam'iyyar Republican za ta yi babban taronta na tsayar da Shugaba Richard Nixon. Ranar 4 ga Fabrairu, 1972, Sanata Strom Thurmond, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kare wariyar launin fata, ya aika wa Antoni Janar John Mitchell takardar sirri mai shawarar cewa korar Lennon daga ƙasar za ta magance matsalar. A watan Maris hukumar shige da fice ta soke izinin zamansa.

Hujjar da aka fake da ita tsohuwa ce. A 1968 'yan sandan Landan sun kama shi da ɗan ƙullin wiwi, ya amsa laifi, aka ci shi tarar fam 150. Jami'in da ya jagoranci samamen, Norman Pilcher, shi kansa an ɗaure shi a 1973 saboda rantsuwar ƙarya a wata shari'a. Yayin da hukumar shige da fice ke bin hanyar kotu, FBI ta J. Edgar Hoover na bin sawu, rahotanninta na isa har ofishin H.R. Haldeman, shugaban ma'aikatan fadar Nixon. Wata takarda ta ba da shawarar a sa 'yan sandan Miami su kama shi da ƙwaya idan ya je wurin taron. Ingancin aikin kuwa abin dariya ne: a takardar da suka shirya don jami'ai su gane shi, hoton wani mawaƙi dabam, David Peel, suka manna.

Dabarar ta ci. Lennon ya janye daga rangadin, bai je Miami ba. Faifansa na 1972, 'Some Time in New York City', wanda ya cika da taken siyasa ba tare da zumar ba, bai yi kasuwa ba. Nixon ya lashe jiha 49 cikin 50. FBI ta rufe bincikenta, amma hukumar shige da fice ba ta saki ba: a Maris na 1973 aka ba Ono izinin zama na dindindin, shi kuma aka ba shi kwana 60 ya fice. Ma'anar hukuncin ita ce ko matar ta bi mijinta ta haƙura da neman 'yarta, ko ta zauna aure ya rabu. Auren ma ya girgiza da kansa. Ya shafe kimanin wata 18 rabe da ita, mafi yawa a Los Angeles, cikin shaye-shaye da abin kunya a gidajen rawa.

Lauyansa, Leon Wildes, wanda bai ma san ko wane ne Lennon ba lokacin da aka kawo masa aikin, shi ya juya shari'ar. Ya yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ya tilasta wa hukumar fito da takardun mutum fiye da 1,800 da doka ta ce a kora amma aka ƙyale su a asirce saboda tausayi. Wannan ya tabbatar da cewa gwamnati na da ikon zaɓar wanda za ta ɗaga wa ƙafa, kuma ta zaɓi ta matsa wa Lennon. Nixon ya sauka a Agustan 1974 saboda badaƙalar Watergate, Mitchell kuma ya ƙare a gidan yari. Ranar 7 ga Oktoba, 1975, kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin korar, tare da gargaɗin cewa kotuna ba za su lamunci korar mutum bisa ɓoyayyen dalilin siyasa ba. Bayan kwana biyu, ranar da ya cika shekara 35, Ono ta haifi ɗansu Sean. A Yulin 1976 ya karɓi katin zama na dindindin. Tsarin ɗaga ƙafar da Wildes ya tono shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin tubalan shirin DACA na 2012, wanda gwamnatin Barack Obama ta kare dubban ɗaruruwan matasan da aka shigo da su Amurka suna yara da shi. A ma'aunin rayukan da abin ya shafa, da wuya a ce waƙar ta kai wannan shari'a tasiri.

Shekara biyar da suka biyo baya ya yi su a gida, a benen Dakota da ke gefen Central Park, yana renon Sean, abin da bai yi wa Julian ba. A Nuwamban 1980 shi da Ono suka fitar da faifan 'Double Fantasy'. Daren 8 ga Disamba, suna dawowa daga ɗakin naɗi, Mark David Chapman, ɗan shekara 25, wanda Lennon ya sa wa hannu a faifai da yammacin ranar, ya harbe shi ta baya a ƙofar gidan. Ya cika yana da shekara 40. Cikin dalilan da makashin ya bayar akwai maganar 1966 da kuma haushin attajirin da ke wa'azin rashin dukiya, ko da yake daga baya ya amsa cewa suna yake nema. A Janairun 1981 'Imagine' ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya.

Daga nan waƙar ta bar hannun mai ita. Matasan Prague, ƙarƙashin mulkin gurguzu, suka mayar da wani bango wurin rubuta ƙorafinsu da sunan Lennon, 'yan sanda na shafewa suna sake rubutawa, masu zanga-zangar Hong Kong kuma suka ari dabarar a 2014 da 2019. A Disamban 2000 Fidel Castro ya buɗe mutum-mutuminsa a Havana, birnin da a da ake ƙyamar waƙoƙin Beatles. A shekarar ne mawaƙi George Michael ya sayi fiyanon da aka tsara waƙar rashin mallaka a kansa kan kuɗi kusan fam miliyan ɗaya da rabi. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, wani babban kamfanin gidajen rediyo na Amurka ya sa ta cikin jerin waƙoƙin da bai dace a saka ba, amma bayan kwana goma Neil Young ya rera ta a shirin tara gudummawa da aka nuna a faɗin ƙasar. An rera ta a Olamfik na Atlanta da Turin da Landan da Tokyo, inda Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin ta wakilci Afirka, wato a bikin da kowace ƙasa ke shigowa da tutarta ana ƙirga mata lambobi. A Maris na 2020 wasu taurarin fim suka rera ta daga manyan gidajensu don lallashin mutanen da kullen korona ya raba da abin yi, suka sha tofin Allah tsine. A Janairun 2025 an rera ta a jana'izar tsohon Shugaba Jimmy Carter, mai koyar da Littafi Mai Tsarki, a cikin babbar majami'ar Washington. Zumar da ya shafa ta yi aikin da ya so har ta wuce gona da iri, domin yawancin masu rerawa ba sa ma lura da abin da ke ƙarƙashinta.

Labarin fayil ɗin ma ya ɗauki lokaci. A 1981 wani malamin tarihi a Jami'ar California, Jon Wiener, ya nemi FBI ta ba shi takardunta kan Lennon. Hukumar ta amsa cewa tana da shafi 281, amma ta hana mafi yawansu da sunan tsaron ƙasa, waɗanda ta bayar kuma an shafe su da baƙin tawada. A 1983 ya shigar da ƙara tare da taimakon ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU. Shari'ar ta ratsa mulkin Reagan da Bush, sai a 1997, zamanin Clinton, aka saki mafi yawa. Shafi goma suka rage, FBI ta ce wata ƙasar waje ce ta ba ta su, kuma bayyana su na iya jawo wa Amurka ramuwar gayya ta diflomasiyya da tattalin arziki, har ma da ta soja. A Disamban 2006 aka sake su. Abin da ke ciki shi ne Lennon ya yi hira da jaridar Red Mole, wadda kowa ya karanta tun 1971, da kuma cewa wasu 'yan gurguzu biyu sun so ya ba su kuɗin buɗe kantin littattafai a Landan, bai ba su ba.